Abin Da Wa'azin Yaya Ya Rage

Mahaifinmu makaɗin kamanja ne, kuma sai da ya fi shekara talatin a kabari kafin aka yarda mu faɗi haka da ƙarfi. Kamanja ita ce gogen Larabawa, mai tsirkiya huɗu, wadda ake tokarawa a ƙarƙashin haɓa. Kakanmu da goge ya taso daga ƙasar Kano, ya ratso Sudan a ƙafa, da ya iso Makka ya rataye gogen a ƙusa ya kama sayar da ruwa. Baba bai gaji sayar da ruwan ba, hannun ya gada. Ya koya wajen wani Bamisire a Jidda, ya ƙware a tsohon kiɗan Hijaz, irin wanda manya ke zama su saurara ido a rufe, babu mai tashi rawa. A zamaninsa, daga Makka har Ɗa'ifa, bikin babban gida bai cika ba in ba a ɗauko shi ba. Mota ake aiko masa har ƙofar gidanmu a unguwar Hindawiyya ta Makka, direba ya tsaya yana jira, maƙwabta suna leƙe ta taga.

An ɗauki kiɗansa a gidan rediyo, amma a bayan mawaƙa, cikin tarin makaɗa, inda ba ka iya tsamo hannunsa daga na wani. Ainihin Baba yana cikin kasakasan da ya ɗauka da kansa. Bayan la'asar yakan hau ɗakin soro, ya kunna rikodarsa, ya yi kiɗa shi kaɗai har gefen kaset ya cika. Kowane kaset yana da wasu 'yan kunnuwa biyu a ka, waɗanda in aka ɓalle su ba a iya ɗaukar wani abu a kansa. Baba yana gamawa yake ɓalle su da makulli, ya jera kaset ɗin a kwali. Kuma kowane gefe da kiɗa ɗaya yake rufe shi, wani ɗan gajere mai farawa kamar gogen gida ya ƙare da salon Hijaz. Ba shi da suna, mu dai "na Umma" muke ce masa, domin da zarar ya taso mahaifiyarmu take ɗora shayi, ta san maigidan ya kusa saukowa.

Yanzu sai in gabatar da Yaya, ɗan farin gidanmu, kuma malamin da babu wanda ya naɗa. Umma ta zo daga gida Najeriya da kunyar ɗan fari, ba ta yar da ita a filin jirgi ba. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wannan" take ce masa, ko "yayanku". In tana son ya ci abinci sai ta gaya wa bango, ko ta aike ni, ko da yana zaune taku biyu daga inda take. 'Yan Makka suna yi mata dariya, ita kuwa ko a jikinta. Yaya ya tashi a gidan da uwarsa ba ta iya ce masa "bari", kuma duk wanda ya zauna da shi na rabin yini zai gane haka.

A shekarun da samarin garin nan suka ɗage wando suka saki gemu, Yaya ya fi kowa ɗagewa. Ya daina gaida Baba in ya gan shi da akwatin kamanja. Da ya je neman aure, ce wa surukansa ya yi mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Muryar da yake tsawatar mana da ita kuwa, da tuwon kamanja aka gina ta, amma in na tuna masa sai ya ce mace mai yawan magana ba ta da rabo.

Baba ya rasu bayan ƙaramar salla. Ana watsewa daga zaman makoki Yaya ya tara mu, ya sanar da mu cewa duk lokacin da wani ya kunna kaset ɗaya, zunubi yana gangarawa kabarin Baba. Kamanjar ya fita da ita, har yau ban san inda ta kwana ba. Kasakasan kuwa ba zai ƙona su ba, domin masu kyau ne, 'yan Japan, ƙona su almubazzaranci ne. Ya samo dabara: ya sayo salatif, ya toshe ramukan kunnuwan da Baba ya ɓalle, zai ɗauki wa'azinsa a kai da Hausa, in aikin hajji ya zo ya raba wa alhazai a Arfa, sadaka mai gudana ga mamaci. Kuma ba wa'azi ɗaya zai yi a kwafe ba. Kowane gefen kaset da nasa darasin, saboda a cewarsa al'umma tana cikin ƙishirwa.

Ni a lokacin ina amarya, gidana yana bayan layinmu, kullum ina gida wajen Umma. Na yi ihu, na yi kuka, na tare ƙofar soro, ya ɗauke ni gefe kamar buhun gawayi ya wuce. Na juya wajen Umma. Tana cikin takaba, zaune a tabarma, carbi a hannu. Na ce, "Umma, ki yi magana mana! Kina gani zai shafe Baba!" Ta ci gaba da jan carbinta. Da muka ji ƙarar maɓallin rikoda daga sama, muka ji Yaya ya gyara murya ya fara salati, sai ta miƙe ta shiga kicin ta ɗora tukunya.

Ɗan wake ta yi masa. Duk duniya babu abin da Yaya yake so kamar ɗan wake da man gyaɗa da yaji. Ta soya albasa har ƙamshi ya cika gidan, ta tsaya a gindin matakala ta ce wa bango, "Abinci fa zai sandare." Haka ta yi washegari, haka ta yi jibi, haka ta yi har aka shiga watan hajji. Yaya ya fito daga makokin ubansa da kumatu, mutane suna cewa haƙuri ya karɓe shi. Ni kuwa na ƙullace ta. Ɗanta yana sama yana binne mijinta karo na biyu, ita tana ƙasa tana yi masa ladan aiki. Na yi shekaru ban ci ɗan wake ba saboda haushi.

Ranar Arfa ya ɗora kwalayen a bayan wata motar ɗaukar kaya, ya tsaya cikin masu raba ruwa da nono da lemo, yana cusa wa alhazan Najeriya da Nijar muryarsa a hannu. Mutum ya miƙa hannu yana tsammanin ruwan sanyi, sai ya ji kaset. Kafin a fita da su, Umma ta aike ni in ce masa ya bar mata 'yan kaɗan, ita ma ta ƙaru. Yaya ya kumbura har rigarsa ta matse shi. Ya ce ta zaɓa da kanta. Ta tsuguna ta daɗe tana jujjuya su, ta ware wasu, ta zuba a tsohon akwatin ƙarfenta, ta tura ƙarƙashin gado. Ban taɓa ganin ta kunna ko ɗaya ba, na ce a raina ko ita ma ta san iyakar ƙaunar uwa.

Daga baya aka bar gidan Hindawiyya, Umma ta koma wajen Yaya a unguwar Ka'akiyya, ita da akwatinta. A gidan nan ko ƙararrawar waya in ta yi daɗi sai an canza ta. A nan ta tsufa.

Shekarun baya kaɗan kunnenta ya fara tafiya. Da farko sai an maimaita mata, daga baya sai an matso an ɗaga murya, likita ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba. Wata rana na same ta ita kaɗai tana rera na Umma a hanci, a hankali, yatsunta suna motsi a kan gwiwa. Ta yi farkon, ta zo tsakiya, ta tsaya. Ta koma farko, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ya ɓace mini. Daga nan ban san inda yake bi ba." Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta irin na ranar ba, ko ranar da aka fita da Baba. Na fita tsakar gida na yi kukana, na rantse sai ta sake jin kiɗan nan kafin kunnen ya rufe.

Na bi Hindawiyya lungu-lungu. Shagunan kaset duk sun koma na waya, yaran da ke ciki suna kallona kamar na ce su sayar mini da raƙumi. Na je gidajen abokan Baba, na tarar da yawancinsu sun bi shi, 'ya'yansu kuma sun yi wa nasu kasakasan irin abin da Yaya ya yi, ko sun zubar ranar tashi daga gida. 'Yata ta samo mini tsofaffin waƙoƙin rediyo a waya, na kara wa Umma a kunne. Ta saurara ta ture. Ta ce, "Wannan ai taro ne. Ina shi?"

Ana cikin haka gari ya juya. Kiɗan da ake ɓoyewa ya zama abin alfahari, aka yi masa sabon suna, turas, wato gadon kakanni. Ana koyar da shi, ana yi masa taro, manya suna zama a sahun gaba suna tafi. Yaya bai taɓa bari iska ta kaɗa ta bar shi a baya ba. Gemun ya ragu, wandon ya sauko, sai ga hoton Baba da kamanja an wanke an rataye a falonsa, hoton da ni na ɓoye shekara da shekaru, ya aiko matarsa ta karɓa wai za a duba a dawo da shi. Na ji da kunnena yana gaya wa maƙwabcinsa cewa shi a cikin maƙamai, wato salon-salon kiɗan Larabawa, ya girma, kiɗa a jininsa yake.

Sai wata budurwa Balarabiya ta zo, cikin masu tattara tsohon kiɗan Hijaz. Ta ce duk tsohon da ta tambaya sai ya ambaci Baba, amma ba ta sami kaset ɗaya da yake kiɗa shi kaɗai ba. Ta nemi ta gaida Umma, aka shigo da ita ɗaki, Yaya ya biyo ta ya zauna a bakin ƙofa da sabuwar jallabiya yana zuba ƙamshi. Ya ce mata kasakasan sun ɓace ne wajen tashi daga tsohon gida, ƙaddara ce. Ya dafa ƙirji, ya ɗaga muryar nan tasa ta mumbari, wadda ko kurma sai ya ji, ya ce da Larabci, ya kuma maimaita da Hausa don jikokinsa su shaida: "Wallahil azim, da zan sami minti ɗaya na kiɗan mahaifina, da idona zan saye shi!"

Na buɗe baki zan yi magana, domin ta taso mini har wuya. Umma ta riga ni. Ta dubi bango ta ce, "Me wannan ya ce?"

Na matsa kunnenta na maimaita.

"Ya rantse?"

"Ya rantse, Umma. A gaban baƙuwa."

Ta nuna ƙarƙashin gado. Ta ce, "Jawo mini akwatin nan. Ki ce wa yayanki ya ɗauko rikodar babanku, na san tana sito."

Da na buɗe akwatin, Yaya ya ga kasakasan da rubutun hannunsa a jiki, sai ya sha jinin jikinsa. Ya fara cewa ai waɗannan wasu darussa ne na da, ba su shafi baƙuwa ba. Umma ta yi kunnen uwar shegu, wanda a halin da take ciki bai yi mata wuya ba. Ni ma ban gane ba. Na ce, "Umma, wa'azin Yaya ne fa." Ta ce, "Na sani. Duba mini wanda mai ya fi ɓata." Sai a lokacin na lura kowane kaset yana da tabon mai a takardarsa, shatin babban yatsa, ya yi ja saboda tsufa.

Rikodar ta tashi da ƙyar bayan an goge mata ƙura. Muryar Yaya ta fito, siririya, ta saurayi, tana salati. Ya kai hannu zai tura zaren kaset ɗin gaba, baƙuwar ta tare shi da sauri. Ta ce da Larabci, "A'a, a'a, baffa, zaren ya tsufa, in ka matsa masa zai tsinke. A bar shi ya tafi da kansa." Allah ya yi wa yarinyar nan albarka duk inda take.

Haka muka zauna muna sauraro. Darasin ranar kuwa a kan masu kiɗa ne, da masu sauraronsu, da narkakkiyar darmar da za a zuba musu a kunne. Saurayin cikin kaset bai bar kowa ba. Ya ambaci masu goge, ya ambaci masu kamanja, ya ce ɗa na gari shi ne wanda ya tsarkake gidan ubansa. Baƙuwar ba ta jin Hausa, ta juyo gare ni da murmushi ta ce, "Me shaihin yake cewa?" Ni kuwa an san ni da riƙon amana. Na fassara mata kalma bayan kalma, ban rage ko wasali ba, har da darmar. Ta ce, "Wane ne shi?" Na nuna mata da haɓa. Yaya ya kafa wa kafet ido kamar yau ya fara ganinsa, gumi yana bin sabuwar jallabiya.

Umma ta sa na ɗora mata rikodar a cinya, na ƙure ƙarar, ta kara kunnenta na dama a jikin lasifika. Wa'azin yana ta tafiya, zaren yana ta raguwa, ina kallonsa ta ɗan gilashin nan yana ƙanƙancewa. Can sai muka ji ƙarar murfin tukunya daga nesa a cikin kaset, sai wata murya ta mace, ƙarama, daga ƙasan bene: "Abinci fa zai sandare."

Saurayin ya yi tuntuɓe a tsakiyar jumla. Ya ce, "To, jama'a, lokaci ya ƙure, sai mu tsaya a nan," ya yi addu'ar rufewa a guje kamar ana binsa. Ƙas. Sai shiru na ɗan lokaci, zaren yana shuuu.

Sai kamanja.

Yaya bai taɓa sanin cewa rikoda iya inda ka tsaya take shafewa ba. Shi a tunaninsa da ya danna jan maɓalli, kaset ya musulunta gaba ɗaya. Bai taɓa sauraron ko ɗaya har ƙarshe ba, yana sauri ya sauko kafin mai ya huce. Na tuna alhazan da ya cusa wa kasakasan nan a Arfa, suna can Katsina da Damagaram sun gama jin labarin darma, sai ga Baba ya shigo musu da kiɗa. Dariya ta kufce mini, kuka ya biyo ta.

Kamanjar ta faro daga tsakiyar wani kiɗan daban, ya sauka, ya ɗan numfasa, sannan na Umma ya taso, daga farkonsa, da muryar gogen nan ta gida. Umma ta rufe ido ta bi shi a hanci. Da aka zo wurin da yake ɓace mata, na zuba mata ido. Baba ya ɗauke ta ya haye da ita, ta bi shi, ba ta yi tuntuɓe ba, har ƙarshe. Aka ji ya ajiye kamanjar, ya yi ɗan tari, zaren ya ƙare.

Ta ce, "Na ji." Ta sake cewa, "Na ji shi."

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Umma, ɗan waken nan..."

Ta ce, "Me zan yi? Bakina ba ya iya ce masa bari. Tukunya ce kawai take iya sauko da shi. Ranar da ya sauko da wuri sai in hau soro share ɗaki in dangwala wa kaset ɗin mai. Ban ma san ko ya tsira ba, tunda ban taɓa kunnawa ba. A gidan nan in aka ji, sai a ƙarasa shi."

"Ni fa? Kina gani ina yawo a rana ina nema, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ke? Da bakin nan naki? Da faɗan farko za ki watsa masa a fuska." Ban musa ba, domin gaskiya ta faɗa. Kunya ta kama ni ta shekarun da na yi ina hararar ta a kan tukunya.

Baƙuwar tana share hawaye. Yaya kuwa ya samu ya farfaɗo. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce mata da Larabci ai dama da gangan yake barin ƙarshen kowane kaset, zuciyarsa ba ta taɓa yarda ya shafe duka ba, ɗa ai ɗa ne. Umma ta ga bakinsa yana motsi, ta tambaye ni me wannan yake cewa. Na kara bakina a kunnenta na gaya mata, da ƙarfin da har matarsa a kicin ta ji.

Umma ta ɗaga rikodar daga cinyarta ta ajiye a ƙasa, ta tura ta da ƙafa wajen ƙofa, inda yake zaune. Ta dubi bango.

"Ki ce wa yayanki ɗan wake ne ya bari, ba shi ba. Idonsa kuma ya riƙe abinsa, ba na so. Ya juya mana ɗaya gefen, ya zauna. Akwatin nan cike yake, kuma ba a tsallake wa'azi."

Ya juya kaset ɗin da hannunsa ya danna. Saurayin ya gyara murya ya fara salati, Umma ta gyara zama tana jira.